Sharhi: Gidajen gado a Mubi, inda "gyara kayanka" ke zama "sauke mu raba"

Da zarar ruwan sama ya ɗauke a ƙarshen Oktoba, tsofaffin unguwannin Mubi kan canza kama. A Kolere da Lokuwa da Yelwa da Sabon Layi da Wuro Gude, da wuya ka ratsa layi biyu ba ka ga tulin yashi a ƙofar gida ba, ga bulo a jere a bakin kwata, ga birkila a kan katanga yana fasa abin da kakan masu gidan ya gina. Ana huda ɗakin kwana a manna masa banɗaki, ana sauke tsohon rufi a ɗora sabon kwano, ana toshe ƙofar zaure ta ciki a faɗaɗa ta waje, ya koma shago. Ba a kira taron ƙaddamarwa ba, ba a kafa allon kwangila ba, amma idan aka tara aikin gida-gida, da wuya a samu wani shirin samar da muhalli da ya kai shi girma a garin.

Bahaushe ya ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. A gidan gado kuwa, maganar kan juye. Ranar da aka sauke buhun siminti na farko, ranar ce kowane magaji ke tuna cewa yana da rabo, kuma ranar ce ake fara yi wa bangon da ya shekara hamsin a tsaye aikin da ba lallai ne ya iya ɗauka ba. Wannan gagarumin aiki yana gudana ne ba takarda, ba rance, ba shawarar injiniya, kuma idan ya ɓaci, waɗanda suka fi rauni a gidan su ne ke biyan kuɗin ɓarnar.

Mubi gari ne da ya saba da baƙi. Ya shiga hannun Jamus a farkon ƙarni na 20, ya koma ƙarƙashin Ingila tun lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya a matsayin wani yanki na Arewacin Kamaru, sannan ƙuri'ar raba gardama ta Fabrairun 1961 ta shigar da shi Najeriya, ya zama hedikwatar Lardin Sardauna. Da yawa daga cikin gidajen da ake fasawa a yau, ma'aikata da 'yan kasuwa da fataken shanu na wancan zamani da na shekarun 1970 ne suka gina su. Tsarinsu sananne ne: zaure a gaba, wanda Fulani ke kira jawleeru, sai tsakar gida mai faɗi da bishiyar darbejiya ko mangwaro, ɗakunan mata a kewaye, madafi a gefe, rijiya a wata kusurwa, masai a wata. An tsara su ne don mutum ɗaya da matansa da 'ya'yansa. Yau jikokinsa ne a ciki, kowa da iyalinsa, kowa kuma da irin zaman da yake so.

Abubuwa uku ne suka haɗu suka hanzarta gyaran. Na farko haya ce. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da Jami'ar Jihar Adamawa, wadda aka kafa a 2002, da kwalejin koyon aikin lafiya, sun cika garin da ɗalibai da malaman da ke neman ɗaki a cikin unguwa, kuma ɗalibin yau ɗaki mai banɗaki a ciki yake tambaya. Ga kasuwar shanu da cinikin kan iyaka da Kamaru, waɗanda suka mayar da duk wani bango mai fuskantar titi wurin da za a iya huda shago.

Na biyu shi ne abin da ya faru a 2014. A ranar 29 ga Oktoban shekarar mayaƙan Boko Haram suka kame Mubi, suka laƙaba masa suna Madinatul Islam, kafin sojoji da mafarauta da 'yan banga su ƙwato shi a tsakiyar Nuwamba. Jama'a sun watse zuwa Yola da Kamaru da kan duwatsu, suka dawo suka tarar da ƙofofi a ɓalle da dukiya a wawushe. Gyaran dole aka fara da shi, kuma tsoro ya sa hannu a zanen: katanga ta ƙara tsawo, ƙofar ƙarfe ta maye gurbin zauren da ke buɗe, tagogi suka ƙanƙance. A lokaci guda kuma mutanen Michika da Madagali da Gwoza da suka samu mafaka a Mubi suka ƙara wa ɗakunan garin nauyi.

Na uku tsada ce. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 da sakin Naira ta nemo wa kanta daraja a kasuwa, buhun siminti ya haura Naira 10,000 a wurare da dama a farkon 2024, har sai da Ministan Ayyuka, David Umahi, ya zauna da kamfanonin Dangote da BUA da Lafarge a watan Fabrairu aka yi matsaya a kan Naira 7,000 zuwa 8,000. Mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka sanya wa hannu a Yulin 2024 bai wuce kuɗin buhu bakwai zuwa goma ba. Matashin da a da zai sayi fuloti a bayan gari ya fara gini a hankali, yanzu ya waiwayo gidan mahaifinsa, inda fili kyauta ne, ko kuma yake ganin kyauta ne.

Gida ɗaya, masu shi arba'in

A nan ne matsalar ta fara, domin filin ba nasa ba ne shi kaɗai. A ɗauki misalin magidanci Musulmi da ya rasu bayan iyayensa, ya bar mace ɗaya da 'ya'ya maza uku da mata huɗu. Matar tana da tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas, sauran kuma a raba, namiji ya ɗauki rabon mata biyu. Idan aka kasa gidan kashi 80, uwar gida tana da 10, kowane ɗa namiji 14, kowace 'ya mace 7. Lissafin a takarda ba ya cin minti biyar. A ƙasa kuwa, ba a yanka kashi 7 cikin 80 na zaure, ba a raba rijiya, kuma ɗakin da ke fuskantar titi ba ya zama daidai da wanda ke kusa da masai ko da faɗinsu ɗaya.

Saboda haka iyalai da yawa kan zaɓi shiru. A ce a bar gidan yadda Baba ya bar shi, don zumunci, don kunya, ko don gudun a ce wane ne ya fara ta da maganar gado tun ƙasar kabari ba ta bushe ba. Shekara ashirin ta wuce, biyu daga cikin 'ya'yan su rasu, rabonsu ya gangara kan matansu da 'ya'yansu. Wannan shi ne abin da malaman fiƙihu ke kira munasaha, gado a kan gado. Gidan da mutum takwas ke da shi ya zama na mutum arba'in, wasu a Yola, wasu a Legas, wasu a Marwa ko Garwa, wasu ma ba su taɓa kwana a cikinsa ba.

Sai a wayi gari ɗaya daga cikinsu ya samu buɗi. Shi ne zai kawo birkila, kuma galibi da kyakkyawar niyya: ya ga mahaifiyarsa tsohuwa tana fita tsakar gida da dare cikin ruwa don zuwa bayi, ya ga rufi yana yoyo. Amma mai kuɗin shi ke zaɓen inda za a gina, kuma ba ya zaɓen bayan gida. Bayan shekara biyar, shagunan da aka fitar daga zaure suna kawo haya, shi ke karɓa, domin shi ya kashe kuɗi. Kuɗin da ya kashe bai mayar da rabon 'yan uwansa nasa ba, amma ya ba shi abin da ya fi hujja ƙarfi a cikin gida, wato mabuɗi. Daga nan magana kan tashi daga tabarmar tsakar gida ta koma gaban mai unguwa ko jauro, daga can sai kotu, inda sau da yawa mafita ɗaya ce ta rage: a yi wa gidan kuɗi, a sayar, a raba. Gidan da aka fara gyarawa don a zauna, sai ya ƙare a hannun baƙo.

Fiƙihun Malikiyya ya tanadi wata kariya a nan, haƙƙin shufu'a, wanda ya ba abokin tarayya a kadarar da ba a raba ba damar ya riga bare sayen rabon ɗan uwansa. Sai dai haƙƙi ne da ke amfanar mai kuɗi a hannu, kuma shi ne dai wancan ɗan uwan da ya yi gyaran. A gidajen da ba shari'ar Musulunci ke hukunta gadonsu ba, kuma suna da yawa a gari mai ƙabilu irin su Gude da Fali da Njanyi da Higgi da Margi, wasiyya ko al'ada ce ke yanke hukunci. Ƙa'idojin sun bambanta, amma ciwon ɗaya ne: an fara gini kafin a san na wane ne ina.

Wanda abin ya fi shafa ba ya cikin masu ɗaga murya a taron iyali. 'Ya mace da ke gidan miji akan ce mata ta bar wa 'yan uwanta maza, ai ita tana da wurin zama. Ranar da aure ya mutu, ko miji ya rasu, ta kwaso 'ya'yanta ta dawo, sai ta tarar ɗakin mahaifiyarta ya zama ciki da falo, ɗalibi ya biya kuɗin shekara. Tsohon gidan gado, duk da duhunsa da yoyonsa, shi ne inshorar talaka: bazawara da maraya da tsoho da ɗan uwan da kasuwa ta karye masa, duk nan suke komawa. Mutanen Mubi sun fi kowa sanin haka, domin a 2014 gidajen dangi da na abokan arziki a Yola ne suka ɗauki mafi yawan waɗanda suka gudu, fiye da sansanonin gwamnati. Duk gyaran da ya mayar da kowane ɗaki abin haya, ya soke wannan inshorar ba tare da an tambayi waɗanda ta rufa wa asiri ba.

Abin da bango ke iya ɗauka

Ko an daidaita tsakanin magada, saura bangon kansa. Kuskuren da ya fi yawa shi ne shafe bangon ƙasa da siminti don ya yi kama da ginin bulo. A shekarar farko yakan yi kyau. Amma bangon ƙasa yana shan laima daga gindi da damina, ya fitar da ita ta jikinsa da rani. Siminti yana toshe wannan hanya, laimar ta taru a ciki, ƙasar ta yi laushi a ɓoye, gara ta samu wurin zama, har ranar da filastar za ta ɓamɓaro falle guda ta taho da rabin bango. Magina a ƙasar Hausa sun san wannan tun da daɗewa, shi ya sa suke yaɓe da makuba daga kwasfar ɗorawa, ko laso da ake haɗawa da katsin marina, abubuwan da ke korar ruwan sama ba tare da sun shaƙe bango ba. Abin da bangon ƙasa ke buƙata bai wuce biyu ba: rufin da bakinsa ya zarce shi sosai, da gindi mai tudu da ke tura ruwa nesa da shi.

Tsakar gida ma haka. Ana malale ta da kankare ko tayil don tsafta, a sare bishiya don ganyenta na ɓata wuri, a manta cewa ƙasar ce ke shanye ruwan sama. Mubi yana gindin duwatsun Mandara, kogin Yedzeram ya ratsa shi, ruwan damina kuma da gudu yake saukowa. Idan aka yi wa layi kwalta da kwata, sau da yawa titin kan ɗara tsohon gida tudu, sai tsakar gidan da aka malale ta zama kwano, ruwa ya kwanta a gindin bango. Duk wanda zai yi gyara, kamata ya yi ya fara tsayawa a tsakar gida ranar da ake ruwa ya ga inda yake bi, tun kafin ya zaɓi launin fenti. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma birkilan da aka ɗauko da rani bai sani ba.

Mafi haɗari shi ne ɗora bene a kan harsashin da aka haƙa don ɗaki mai rufin kwano, ko cire bangon tsakiya don a samu babban falo ba tare da an san shi ke ɗauke da rufin ba. Ƙasar nan tana da kundin ƙa'idojin gini tun 2006, tana da hukumomin da ke rajistar injiniyoyi da masu zanen gini da magina, amma a cikin unguwa, hukuncin ko bango zai ɗauki bene yana hannun birkila ne da mai gida, kuma dukansu biyu suna so amsar ta zama e. Abin da ya faru a Zariya ranar 11 ga Agustan 2023 ya isa tunatarwa game da tsohon gini: wani ɓangare na babban masallacin Juma'a, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830, ya rufta kan masallata, aka rasa rayuka, kuma fadar Zazzau ta ce an lura da tsagewa a bangon kwana guda kafin nan. Tsagewa saƙo ce. A gidajen gado da yawa, amsar da ake ba ta ita ce a cike ta da siminti a shafa fenti.

Sai maganar banɗaki, wadda ita ce zuciyar gyaran zamani, kuma babu mai hankalin da zai yi jayayya da ita. Banɗaki a cikin ɗaki mutunci ne ga tsoho da mai jego da amarya. Amma kowane banɗaki yana buƙatar rami, kuma ƙa'idar da ma'aikatan lafiya ke bi ita ce a bar tazarar mita 30 tsakanin ramin masai da rijiya. Fulotin da aka saba, mai ƙafa 50 da 100, bai wuce mita 15 da 30 ba. Wato a gidan da aka fitar da ɗakunan haya shida, kowanne da banɗakinsa, babu yadda za a yi ramukan su yi nisa da rijiyar gidan, balle ta maƙwabci da ke bayan katanga. Mubi ya ɗanɗana ɓarkewar kwalara a watan Mayun 2018, wadda ta kwantar da ɗaruruwan mutane a ƙananan hukumomin Mubi ta Arewa da ta Kudu, kuma cuta ce da ke bin gurɓataccen ruwa. Wannan matsala ce da gida ɗaya ba ya iya warware ta. Ta layi ce gaba ɗaya, kuma aikin hukuma ne.

Game da zafi, tsohon gida ya fi sabon dabara. Bango mai kauri yana jinkirta zafin rana, inuwar bishiya tana sanyaya tsakar gida, da bazara kuma kowa ya fito da tabarmarsa. Gidan da aka gyara da bulo mai rami, da kwano ba silin, da taga ɗaya ƙarama, an gina shi ne bisa alkawarin fanka da na'urar sanyaya ɗaki. A watan Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun shafe fiye da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan wuta, kuma ko a ranakun da babu irin wannan matsala, kowa ya san yadda wutar take. Masu hali sun koma sola. Marasa hali suna kwana a ɗakin da ya zama tanda, a watannin Maris da Afrilu da sanƙarau ke yawo, kuma tsakar gidan da za su fito su sha iska an gine ta.

Zaure kuwa, a bar shi da tarihinsa. Nan ake karɓar baƙo ba tare da ya ga cikin gida ba, nan ake zaman makoki da sulhu, nan yara ke karatun allo. Da ya zama shago, sai zaman ya koma kan titi a ƙarƙashin rumfar haya, a tare hanya. Sai dai kada a yi saurin kuka a kansa: akwai gidajen da hayar wannan shagon ce ke ciyar da marayu, kuma wanda bai taɓa rasa cefane ba bai kamata ya yi wa mai shi wa'azin al'ada ba.

Manufar gwamnati tana kallon bayan gari

A matakin tarayya, an ware wa gidaje ma'aikata ta musamman a 2023, aka naɗa Ahmed Musa Dangiwa, masanin zanen gine-gine kuma tsohon shugaban Bankin Bayar da Lamunin Gidaje na Tarayya, ya jagorance ta. Babban abin da aka sa a gaba shi ne sababbin birane da rukunin gidaje na shirin Sabunta Fata. Hukumar Raya Yankin Arewa maso Gabas, wadda aka kafa da dokar 2017, ita ma sababbin rukunin gidaje ta fi ginawa. Ba laifi ba ne, ana buƙatarsu. Amma gida ɗari biyar a bayan gari, duk kyansu, ba su kai adadin ɗakunan da iyalai ke fitarwa da aljihunsu a cikin tsofaffin unguwanni ba, inda tuni akwai masallaci da coci da makaranta da kasuwa da maƙwabta.

Akwai dai wani tanadi. Bankin lamunin gidajen yana da rancen gyaran gida ga masu zuba kashi 2.5 cikin ɗari na albashinsu a Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda dokar 1992 ta kafa. An ƙayyade rancen a Naira miliyan ɗaya lokacin da aka fito da shi, kuɗin da a farashin farkon 2024 bai wuce buhun siminti ɗari ba, ban da yashi da rodi da kwano da ladan ma'aikata. Kuma ta hannun wurin aiki ake samunsa. Ma'aikacin jami'a ko na ƙaramar hukuma zai iya nema. Dillalin shanu da mai shago da manomin wake da matar da mijinta ya rasu, wato mafi yawan masu gidajen gado, ba sa cikin lissafin.

Banki na kasuwa kuwa takarda yake tambaya. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birane a hannun gwamna, kuma sai da amincewarsa ake jinginar da gida. Dokar ba ta ƙwace tsofaffin gidaje ba, hasali ma sashe na 34 ya ɗauki wanda ya riga ya gina fili a birni kafin ta fara aiki tamkar mai riƙe da izinin mallaka. Amma izinin da ba a rubuta ba ba ya karɓar rance, kuma ma'aikatar gidaje da kanta ta sha faɗin cewa fiye da kashi 90 cikin ɗari na filayen ƙasar nan ba su da rajista. A gidan gado abin ya ninka: ko an so yin takardar, da sunan wa za a yi ta? Da sunan mamaci, ko da sunan wanda ya fi kuɗi? Da yawa sun gwammace a bar ta, domin sun ga inda takarda ta zama makamin da ɗaya ya kori saura.

Abin da ake buƙata ba shi da tsada idan aka kwatanta da gina rukunin gidaje. Gwamnatin jiha za ta iya sauƙaƙa rajistar gida da sunayen magada baki ɗaya, kowa da kasonsa a rubuce, ta yadda ba za a sayar ko a jinginar ba sai da sa hannun kowa. Masarautar Mubi, ƙarƙashin Mai Martaba Alhaji Abubakar Isa Ahmadu, tana da hakimai da jauro-jauro da masu unguwanni da suka san tarihin kowace katanga, ga limamai da fastoci. Idan suka mayar da shi al'ada cewa ba a sauke yashi a ƙofar gidan gado sai an rubuta yarjejeniya, kotuna za su huta. Yarjejeniyar ba ta buƙatar lauya: wane ne zai kashe kuɗi, nawa ne, bashi ne a kan gida ko kyauta, wa zai karɓi haya kuma har yaushe, sannan wane ɗaki ne aka keɓe wanda ba a haya da shi, don duk 'yar gidan da ta dawo.

Ta fuskar fasaha, garin da ke da kwalejin fasaha da jami'a bai kamata birkilansa ya rasa wanda zai tambaya ba. Zaman duba gini sau ɗaya a mako, inda mai gida zai kawo hoton bangonsa da awon filinsa a ba shi shawara a kan kuɗi kaɗan, zai hana rushewa fiye da kamen da hukumar tsara birane ke yi bayan an gama gini. Cibiyar Binciken Gine-gine da Hanyoyi ta Najeriya ta daɗe da ƙera injin matsa tubalin jar ƙasa da ke cin siminti kaɗan, amma bai isa hannun maginan unguwa ba. Kuma wannan yanki ba baƙo ba ne ga gini mai ƙarko da kayan gida: Sukur, a Ƙaramar Hukumar Madagali, da gine-ginensa na dutse, shi ne wuri na farko a Najeriya da UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya, a 1999.

Akwai misali daga ƙasar Hausa ta Nijar. A ƙauyen Dandaji da ke yankin Tawa, jama'a sun so sabon masallaci domin tsohon na ƙasa ya lalace kuma ya yi musu kaɗan. Masu zanen gini biyu, Mariam Issoufou 'yar Nijar da Yasaman Esmaili 'yar Iran, suka gyara tsohon suka mayar da shi ɗakin karatu, suka gina sabon a kusa da shi da tubalin ƙasa da aka matsa, tare da maginan garin, aka kammala a 2018. A Burkina Faso, Francis Kéré ya gina makarantar ƙauyensu Gando a 2001 da tubalin laka, ya ɗaga kwanon sama da silin don iska ta ratsa tsakani ta kwashe zafi, kuma a 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi lambar Pritzker, mafi girma a fagen zanen gini. Ɗaga kwano taƙi biyu sama da silin ba ya buƙatar lambar yabo, kafintan Lokuwa zai iya yin sa idan mai gida ya nema.

A halin yanzu dai aiki na tafiya yadda aka saba. Daga Nuwamba zuwa Afrilu ake fasawa da ginawa, mai kuɗi yana aiko da saƙo ta waya, birkila yana yanke hukunci a tsaye, 'yan uwa mata suna jin labari daga bakin maƙwabta. Ruwan farko kan sauka a Mubi wajen watan Mayu, kuma sai a watan Agusta, lokacin da ƙasa ta ƙoshi, ake gane bangon da aka shaƙe da siminti da tsakar gidan da ba a bar wa ruwa hanyar fita ba.